Sarauniya Hatshefsut ta Masar a Cikin Ƙagaggun Labaran Tarihi na Matasa

Daga cikin ire-iren ƙagaggun labarai akwai wanda marubuci kan gina shi a kan wani zamani da ya shuɗe. Yakan ɗauko mutanen da suka taɓa rayuwa da gaske ya sa musu magana a baki, sa'an nan ya cuɗanya su da waɗansu mutanen da shi ne ya ƙago su. Wannan ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa, domin kuwa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, waɗanda aka samu daga gasar rubutu ta 1933, duk sun jingina da tarihi, ɗaya da zamanin cinikin bayi, ɗaya kuma da zuwan Turawa. A adabin Ingilishi da ake rubutawa domin samari da 'yammata kuwa, irin wannan labari ya yi rassa da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ake ɗauko tauraruwa daga gidan sarautar Masar ta dauri. An yi wa Kiliyobatra da 'yarta, an yi wa Nafartiti, amma wadda ta fi dacewa da nazari ita ce Hatshefsut, saboda kamanninta sun sauya ƙwarai daga wannan littafi zuwa wancan, kuma ana iya bin sawun dalilin sauyin.

Kafin a yi nisa, ya kamata a gyara wata fahimta. Bahaushe in ya ji an ce Fir'auna, mutum ɗaya yakan faɗo masa a rai, wato na zamanin Annabi Musa (A.S.). Alhali kuwa kalmar laƙabin sarauta ce, asalin ma'anarta babban gida, wato fada, daga baya aka riƙa kiran mai fadar da ita. Sarakunan da ake kira da ita a yau suna da yawa ƙwarai, kuma Hatshefsut na cikinsu.

Abin da tarihi ya tabbatar

Hatshefsut 'yar gidan sarauta na 18 ce. Mahaifinta shi ne Tutmos na Ɗaya, mahaifiyarta kuwa Ahmos, uwargidan sarki. An aurar da ita ga ɗan'ubanta, Tutmos na Biyu, bisa al'adar gidan sarautar Masar ta wancan zamani, ta haifa masa 'ya mace mai suna Nafarure. Ɗa namiji kuwa wata ƙaramar matar sarki ce, Iset, ta haifa masa. Da Tutmos na Biyu ya rasu wajen shekara ta 1479 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), sai aka naɗa wannan yaro sarki da sunan Tutmos na Uku, yana ɗan ƙarami, ita kuma Hatshefsut ta zama mai riƙe masa ƙasa. Har zuwa nan babu abin mamaki, don matan gidan sun saba riƙon sarauta ga 'ya'yansu ƙanana. Wani babban ma'aikacin fada mai suna Ineni ya bari a rubuce a bangon kabarinsa cewa yaron ne bisa gado, amma al'amuran ƙasa a hannunta suke, kuma ita ake yi wa aiki.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne, kafin a cika shekara 7 da wannan riƙo, sai ga ta da cikakkun sunayen sarki, an yi mata laƙabin sarauta Ma'atkare. Ba ta tuɓe yaron ba, ba ta kore shi ba, ba ta kashe shi ba. Sarakuna biyu aka yi a lokaci guda, ana ƙidayar shekaru da ranar naɗinsa, ana zana su tare a bangon ɗakunan bauta, sai dai ita ce a gaba. Haka aka zauna har wajen 1458, shekara ta 22 ke nan da naɗin yaron, inda labarinta ya ɗauke. Ba ita ce mace ta farko da ta hau gadon Masar ba, Sobeknefru ta riga ta da shekaru fiye da 300, amma mulkin waccan bai kai shekara 4 ba.

Ayyukanta har yau suna nan ana gani. Akwai ƙaton ɗakin bauta mai hawa uku da ta gina a gindin dutse a Dairul Bahari, yamma da Kogin Nilu, daura da birnin Luksor na yanzu. Akwai doguwar hasumiya ta dutse guda a Karnak, mai tsawon wajen mita 29, wadda aka sassaƙo daga Aswan, kuma rubutun da ke jikinta ya ce cikin wata 7 aka gama fasa ta da 'yar'uwarta daga dutse. A shekara ta 9 ta aika da jiragen ruwa 5 zuwa ƙasar Funt, can wajen kudancin Bahar Maliya, suka komo da turaren ƙonawa da itatuwansa da ransu cikin kwanduna, da hauren giwa, da baƙin katako, da zinariya, da birai. An zana tafiyar baki ɗaya a bangon Dairul Bahari, har da bukkokin mutanen Funt da ke kan dirkoki da matar sarkinsu mai ƙiba.

Sai dai duk wannan rubutun fada ne, kirari ne da addu'a da lissafin ayyuka. Babu wasiƙarta, babu wani wanda ya zauna da ita ya rubuta halinta. Ƙuruciyarta kuwa, wadda ita ce marubucin matasa ya fi bukata, kusan babu kome a kanta in ban da sunan matar da ta raine ta, Sitre, da sunayen 'yan'uwanta maza biyu, Wajmos da Amenmos, waɗanda suka rasu kafin mahaifinsu. Wannan giɓi shi ne gonar marubuci. Abin tambaya shi ne irin da yake shukawa a ciki, da kuma inda ya samo irin.

Kishiyar uwa

A 1829 Champollion, Bafaranshen nan da ya warware rubutun Masarawan dauri, ya ziyarci Dairul Bahari, ya ga hoton sarki da gemu da tufafin maza, amma rubutun da ke gefensa yana magana da lamirin mace. Abin ya ɗaure masa kai. Ya kuma lura an bi sunan wannan sarki an kankare. Daga baya, a shekarun 1920, Herbert Winlock da ma'aikatansa masu haƙar kayan tarihi suka tono ramuka kusa da wurin cike da gutsattsarin mutum-mutuminta, an farfasa an zubar. A jerin sunayen sarakuna da Seti na Ɗaya ya sa aka rubuta a Abidos ma babu sunanta, an tsallake ta kamar ba a yi ta ba.

Masana na wancan lokaci suka haɗa waɗannan abubuwa suka fitar da labari mai daɗin ji. Suka ce ai mace ce mai kwaɗayin mulki ta danne ɗan kishiyarta shekara ashirin, yana ta haɗiyar baƙin ciki, ranar da ta kau kuwa ya huce haushinsa a kan gumakanta. Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniyar Bora da Mowa zai gane zubin nan take: ga muguwar kishiyar uwa, ga yaron da aka zalunta, ga ranar sakayya. Manyan masana irin su William Hayes sun rubuta wannan bayani a shekarun 1950 da kakkausan harshe, kai ka ce sun ga abin da idonsu.

A cikin wannan yanayi ne Eloise Jarvis McGraw, marubuciya Ba'amurkiya, ta fitar da Mara, Daughter of the Nile a 1953, wato Mara 'yar Kogin Nilu. Tauraruwar littafin ba 'yar sarki ba ce. Baiwa ce budurwa mai wayo da baki, wadda ta iya karatu, ta kuma ji harshen Babila. Wani na hannun daman sarauniya ya saye ta ya sa ta leƙen asiri a fada, a matsayin tafinta ga wata gimbiyar Kan'ana da aka kawo wa Tutmos. A cikin jirgin ruwa kan hanyar fada kuma sai ta faɗa hannun Sheftu, wani saurayi basarake da ke ƙulla yadda za a tuɓe sarauniya, shi ma ya tilasta mata yi masa aiki. Ta zama tana yi wa ɓangare biyu rahoto, kowanne ya gane ta kashe ta zai yi. Ta fuskar zubi da jan hankali littafin ya ƙayatar, shi ya sa aka daɗe ana sake buga shi. Amma Hatshefsut da ke cikinsa azzaluma ce mai tatsar talakawa haraji don gine-ginen banza, ta bar iyakokin ƙasa suna lalacewa, kuma a ƙarshe ƙoƙon guba aka miƙa mata.

Akwai abin lura a nan. Marubuciyar mace ce, tana son nuna jarumtar mace, amma sai ta ba baiwar da ta ƙago dukkan kyawawan halaye, ta bar wa macen da ta yi mulki da gaske munanan. Ba za a ce ta yi wa tarihi ƙarya da gangan ba, abin da littattafan masana suka ba ta shi ta ɗauka. Laifin da za a iya ɗora mata bai wuce na amincewa da su ba. Illa iyaka yarinyar da ta karanta littafin tana 'yar shekara 13 ba za ta koma ta bincika ba, wannan sarauniyar ce za ta zauna mata a zuciya.

Yadda labarin ya rushe

A 1966 Charles Nims ya binciki gine-ginen Karnak ya nuna cewa kankare sunan Hatshefsut bai faru ba sai wajen shekara ta 42 ta sarautar Tutmos na Uku, wato bayan kimanin shekara 20 da rasuwarta. Wannan ƙaramar hujja ita ta kwance wa tsohon bayanin zani a kasuwa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana cin tuwon haushi ba zai sake jiran wata ashirin ba kafin ya rama. Daɗin daɗawa, an lura cewa hotunanta na sarki aka fi bi ana gogewa, waɗanda take matar sarki kuwa galibi an ƙyale su. Saboda haka masana da yawa suka karkata ga cewa shawara ce ta siyasa da tsohon sarki ya yanke a ƙarshen rayuwarsa, ko don ya share wa ɗansa Amenhotef na Biyu hanyar gado, ko don kada a bar misalin mace bisa gadon sarauta ga na baya. Har ila yau, yaron da aka ce an danne ya tashi da horon soja sosai, ta yadda cikin 'yan watanni da zamansa sarki shi kaɗai ya ja runduna har Magiddo ya ci yaƙi. Wadda ke tsoron yaro ba ta barinsa kusa da mayaƙa.

Littattafan da suka biyo baya sai suka juya riga. Pauline Gedge ta Kanada ta fitar da Child of the Morning a 1977. Don manya aka rubuta shi, amma matasa sun karanta shi ƙwarai, kuma a cikinsa Hatshefsut ce tauraruwa, kyakkyawa, jaruma, wadda mahaifinta ya zaɓa da kansa. A 1987 Dorothy Sharp Carter ta rubuta His Majesty, Queen Hatshepsut musamman domin matasa, ta sa sarauniyar tana ba da labarinta da bakinta tun daga ƙuruciya. Sunan littafin kansa wasa ne da rikicin jinsin da ya ɗaure wa Champollion kai, don ya haɗa lamirin namiji da sarautar mace.

A nan ma akwai tarko, ko da yake ba a cika ganinsa ba. Maganar cewa mahaifinta ne ya zaɓe ta ya gabatar da ita ga manyan fada, daga bakin Hatshefsut kanta ta fito. Ita ta sa aka rubuta haka a Dairul Bahari bayan ta hau gado, a bango guda da labarin cewa abin bautarsu Amun ne ya ɗauki siffar mahaifinta ya zo wa mahaifiyarta aka sami cikinta. Babu marubucin da ya ɗauki labari na biyu a matsayin gaskiya, amma da yawa sun haɗiye na farko ba tare da tauna ba, alhali manufarsu ɗaya, wato halatta mulkinta. Abin da aka sani shi ne, a zamanin mijinta matsayin matar sarki kawai take da shi, har ta sa aka haƙa mata kabari irin na matan sarki a wani lungun dutse, aka kai akwatin gawa na dutse aka ajiye, wanda ba a taɓa sa ta a ciki ba. Ke nan marubutan farko sun gaskata maƙiyan da masana suka ƙaga mata, na baya kuma sun gaskata maroƙanta.

Ina ƙarfin yake?

Labarin matasa yana da bukatunsa. Ana son tauraruwa ta kasance tsarar mai karatu, ta yi karo da manya, ta yi soyayya, a kuma warware rikici cikin ɗan lokaci. Waɗannan bukatu su ke jan marubuci ya ba gimbiyar Masar halin yarinyar zamaninsa: mai ƙin auren da aka tsara mata, mai satar fita kasuwa cikin shigar talakawa, mai gardama da malamanta a kan 'yancin mata. Irin wannan yarinya tana da daɗin karantawa, amma ba a fadar Tibis aka haife ta ba. Babu alamar cewa Hatshefsut ta ɗauki kanta mai tawaye ga al'ada. Hasali ma duk ƙoƙarinta shi ne ta nuna ita ce mai tsare al'adar, shi ya sa mutum-mutuminta suka yi ta sauyawa sannu a hankali, daga mace cikin doguwar riga, zuwa mace da ɗankwalin sarauta na maza, har zuwa cikakken sarki mai faɗin ƙirji da gemun roƙo. Gemun ma ba abin dariya ba ne kamar yadda waɗansu ke ɗauka, sarakuna maza su ma ɗaura shi suke yi, kayan sarauta ne kamar sanda.

Batun soyayya kuwa kusan kullum a kan Senenmut yake sauka. Mutum ne da ya fito daga gidan da ba na sarauta ba, ya zama mai kula da dukiyar Amun da ta sarauniya, kuma mai tarbiyyar 'yarta Nafarure. An sami mutum-mutuminsa fiye da 20, da dama daga ciki yana rungume da yarinyar cikin mayafinsa, kanta kaɗai ya leƙo. An kuma sami ƙananan hotunansa a ɓoye bayan ƙofofi a ɗakin bautar sarauniya, ga kabarinsa dab da wurin. Wannan ya isa ya nuna kusanci da amana. Bai isa ya nuna soyayya ba. Da sarki namiji ne ya ɗaukaka bawansa haka, da an ce ya san mutanen kirki, ba wanda zai kawo zancen zuciya. Marubuci yana da damar ƙaga soyayyar, wannan haƙƙinsa ne, amma in ya mai da Senenmut shi ne mai tunani ita kuwa mai bi, to ya ƙwace wa tauraruwarsa abin da ya ce zai nuna.

Ƙarfin da duwatsun suka nuna wani iri ne dabam, kuma shi ne marubuta suka fi yi wa rowar shafi. Tun tana matar sarki take riƙe da muƙamin Matar Amun, muƙamin addini mai gonaki da ma'aikata da taskarsa, wanda ya ba ta dukiyar kanta da kusanci da manyan ɗakin bautar Karnak. Ta jawo mutane irin su Senenmut da Hafuseneb, shugaban masu hidimar Amun, da Nehesi wanda ya jagoranci tafiyar Funt, ta ɗaure su da alheri. Ta yi shekaru tana matsawa taki ɗaya-ɗaya, har ranar da ta ɗauki sunan sarki babu labarin wanda ya ɗaga murya. Yaƙi ma ba a rasa ba, don wani ma'aikacinta ya bar rubutu a tsibirin Sehel yana cewa ya ga sarki a fagen fama a Nubiya. Amma haƙuri da iya zama da mutane da sanin lokacin magana sun fi wuyar rubutawa bisa ga takobi, musamman ga mai karatu ɗan shekara 14 da ke son a yi ta ta ƙare. Marubucin da ya iya sa yarinya ta ji zuciyarta na bugawa a kan zaman fada, inda kalma ɗaya za ta iya jawo wa mutum babban basarake ko ta kore shi, ya fi wanda ya ɗora gimbiya kan keken yaƙi gwaninta.

Wannan matsala ba ta Masar kaɗai ba ce. Duk wanda ya yi niyyar rubuta wa matasan Hausawa labarin Amina ta Zazzau zai tarar da giɓin da ya fi wannan faɗi, don abin da Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka kawo a kanta 'yan layuka ne, masana ma ba su daidaita a kan ƙarnin da ta rayu ba. Sauran duk ruwayar baka ce, ciki har da zancen nan na cewa takan kashe namijin da ta kwana da shi a kowane gari. Kafin marubuci ya ɗauki irin wannan ruwaya ya kamata ya tambayi kansa wa ya fara faɗinta, kuma me ta yi masa a rai, kamar yadda ya kamata a tambayi waɗanda suka ga fasassun gumaka suka ce kishiyar uwa ce.

Saura batun mutuwarta. Ƙoƙon guba ya dace da ƙarshen littafi, amma babu wata shaida ko ɗaya da ta nuna an kashe Hatshefsut. A 2007 Zahi Hawass da abokan aikinsa suka ba da sanarwar cewa sun gane gawarta cikin waɗansu busassun gawawwaki biyu na mata da aka samu a wani ƙaramin kabari a Kwarin Sarakuna, ɗayar ana jin ta Sitre ce mai rainonta. Hujjarsu haƙori ne guda da aka gani cikin wani akwati mai ɗauke da sunanta, wanda suka ce ya dace da gurbin da ke bakin gawar. Waɗansu masana ba su gamsu da wannan hujja ba. In dai ita ce, to hoton da na'ura ta ɗauka ya nuna dattijuwa mai jiki, mai ruɓaɓɓun haƙora, da alamun ciwon daji a ƙashinta, wadda ta yi jinya kafin ta cika. Mutum-mutumin da Winlock ya tsinto kuwa an harhaɗa da yawansu an liƙe, suna nan zaune a ɗaki guda a gidan ajiye kayan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York, ana iya ganin layin tsagar da guduma ta bari a wuyansu.